Dangwalin Ƙwayoyin Zarra: Yadda Masana Ke Koyon Halin Garke Daga Jeri Ɗaya

Muna gaida makiyaya na ruga da waɗanda ke kan hanyar mashaya. Muna gaida 'yan kasuwa da direbobin da ke jiran a ɗaga musu shinge a Illela da Birnin Ƙonni, da Jibiya da Ɗan Isa, da Maigatari, da Kamba da Gaya, har can Gamboru da Fotokol. Allah ya tsare dukiya, ya sa a yi ciniki lafiya.

Yau za mu kai ku ƙasashe masu nisa, kuma kan wani abu ƙarami wanda ido ba ya iya gani. Amma kada ku sauya tasha, don rabin abin da za mu faɗa, makiyayi ya riga ɗan boko saninsa. Zance ne na garke, da turke, da dangwali.

Mu fara da abin da kowa ya sani. In ka kai salularka wurin mai caji, ka dawo ka karɓa, za ka ji ita da cajar sun yi ɗumi. To wannan ɗumin wuta ce da aka biya kuɗinta ta zube a hanya. Haka abin yake a manyan wayoyin wuta, irin layin da ke ɗauko lantarki daga madatsar Kainji ya bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Abin da aka tura ba duka yake isa ba, wani kaso yana zama zafi a jikin waya. Kamar buhun gero ne mai ɓula a bayan jaki, iya nisan tafiya, iya yawan asara.

Shin akwai wayar da ba ta zubar da komai? Akwai. A shekarar 1911, a garin Leiden na ƙasar Holan, wani masani mai suna Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba har digiri 269 ƙasa da sifiri, sai ya ga wuta na wucewa ta cikinta ba tirjiya, ba asara ko kaɗan. Irin wannan waya ce ke cikin na'urar MRI ta manyan asibitoci, wadda ake shigar da mutum ciki a ɗauki hoton jikinsa. Matsalar ita ce sanyin. Sai da ruwan iskar hiliyam ake samunsa, shi kuwa tsada gare shi. A 1986 wasu masana biyu, Bednorz da Müller, a ɗakin binciken kamfanin IBM da ke Zurik a Suwizalan, suka gano wani haɗi mai kama da tangaran, mai jan ƙarfe da oksijin a cikinsa, wanda ke yin wannan aiki a wajen digiri 238 ƙasa da sifiri. Shekara na zagayowa aka ba su kyautar Nobel, kuma a shekarar aka samo ɗan'uwansa mai aiki a digiri 180 ƙasa da sifiri. Mafi kyawu a danginsu yau, in ba a matse shi da nauyi mai tsanani ba, yana wajen 140 ƙasa da sifiri. Firizar mai ƙanƙara kuwa ba ta cika wuce 18 ba. Kun ga da sauran tafiya.

Me ya hana a ƙarasa? Abin mamaki, kusan shekara 40 ke nan, har yau masana ba su haɗu a kan bayani ɗaya ba game da dalilin da ya sa wannan tangaran ke yin abin da yake yi. Wanda bai san dalilin da ya sa saniyarsa ta ƙara nono ba, ai ba zai iya sa sauran su ƙara ba.

To mu shiga ciki. Kowane abu da ka taɓa, da sanda da ƙwarya da ƙarfe, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. Ƙanƙantarsu ta wuce misali. In ka jera ƙwayoyin jan ƙarfe a kan milimita ɗaya, wato ƙaramin zane ɗaya na jikin rula, za su kai kusan miliyan 4. Kowace ƙwaya kuma tana da wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira ilektiron, kuma tafiyarsu a cikin waya ita ce wutar lantarki.

A cikin wayar jan ƙarfe, ilektiron suna kamar shanu a faffaɗan daji da damina. Kowace na kiwonta, ba ruwanta da 'yar'uwarta. Nan lissafi na da sauƙi, ka san halin ɗaya, ka san na duka. Amma a wasu kayayyaki, ciki har da wancan tangaran, suna kamar shanu a bakin rijiya da bazara, ko a cikin ƙunƙuntaccen burtali tsakanin gonaki. Wuri ya matse, su kuma ilektiron ba sa son juna, ture juna suke yi. Ba wadda za ta ɗaga ƙafa sai ta duba abin da na kusa da ita ke yi. Kai malam makiyayi ka sani, saniyar da take lafiyayya ita kaɗai, in ta shiga turmutsitsin mashaya wata dabba ce daban. Sanin halin saniya ɗaya ba ya ba ka sanin halin garke.

Tun 1937 aka fara ganin alamar haka. Wasu masana 'yan Holan, de Boer da Verwey, suka nuna cewa haɗin ƙarfen nikel da oksijin ba ya wuce da wuta, alhali lissafin zamanin ya ce dole ya wuce da ita. Nevill Mott na Ingila ne ya warware zancen. Ku ɗauka kowace ƙwayar zarra turke ce, kuma kowane turke da saniya ɗaya. Duk wadda ta so matsawa gaba, sai ta haɗa turke da wata, su kuwa ba sa haƙuri da juna. Sai kowa ya tsaya a inda yake. Direbobi sun san irin wannan a bakin iyaka: hanya lafiya lau, injin kowa lafiya lau, amma ba mai motsi don gaban kowa akwai wani. Asalin tangaran ɗin Bednorz da Müller haka yake, a cushe. Sai an zare wasu ilektiron, an bar wasu turaku ba kowa, sannan tafiya ta buɗe. In kuma aka sanyaya shi, sai tafiyar ta zama marar asara. Yadda cunkoso ke rikiɗewa ya zama gudu ba tirjiya, nan ne gizo ke saƙar.

Yanzu saniyar da aka ɗaure a turke, me ya rage mata? Ba ta iya tafiya, amma tana iya zaɓen inda za ta fuskanta. Haka ilektiron. Kowace ɗaya ɗan ƙaramin mayen ƙarfe ce mai kai da gindi. Turawa na kiran wannan hali sifin, wato juyi. In ka auna shi amsa biyu kawai yake bayarwa, ko sama ko ƙasa. A cikin mayen ƙarfe irin na lasifikar rediyonka, maƙwabta duk wuri ɗaya suke fuskanta, kamar shanu in hadari ya taso duk su juya wa iska baya. A cikin waɗannan cusassun kayayyaki kuwa akasin haka ne, in wannan ta dubi sama, ta kusa da ita sai ta dubi ƙasa, kwanciyar kai da ƙafa. Wani Bafaranshe, Louis Néel, shi ya yi bayanin wannan tsari, ya kuma samu Nobel a 1970.

Wani zai ce, to ba ga kwamfuta ba, a ba ta ta lissafa mana? 'Yan kasuwa, ku ɗauko alƙalami. Ilektiron ɗaya, hali 2. Guda biyu, hali 4. Uku, 8. Duk ɗaya da ka ƙara, lissafi ya ninka. Guda 10 sun ba ka 1,024. Guda 20 sun haura miliyan ɗaya. Guda 30 sun haura biliyan ɗaya. In ka kai 300, adadin ya fi yawan ƙwayoyin zarrar da masana ke ƙiyasta akwai a duk sararin samaniyar da ake iya hangowa. Ba kwamfutar da za ta rubuta wannan duka, balle ta lissafa shi ɗaya-ɗaya. Shi ya sa a 1981 wani masani ɗan Amurka, Richard Feynman, ya kawo shawara: tunda lissafi ya gagara, a gina ɗan ƙaramin garke na gaske wanda aka san adadinsa da tsarinsa, a zuba masa ido a ga abin da zai yi.

Nan dangwali ya shigo. Wanda ke son koyon halin dabbobi ba ya farawa da garke dubu a bakin kogi. Yana farawa da 'yan maruƙan da ke ɗaure a igiya ɗaya, a jere, kowane da maƙwabci a dama da hagu kawai. In na tsakiya ya fizga, ka ga yadda fizgar ke bin igiya har ƙarshe. Masana ma jeri ɗaya suka fara da shi, kuma da dalili. Tun 1931 wani Bajamushe, Hans Bethe, ya warware lissafin irin wannan jeri a takarda. Ke nan akwai abin da za a gwada sakamako da shi, kamar yadda mai sabon sikeli ke fara ɗora dutsen da ya san nauyinsa.

Amma da wane hannu za a ɗauki ƙwayar zarra? A 1981, a ɗakin binciken nan na Zurik, Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera wata na'ura da za mu kira madubin lalube. Ba ta gani da haske. Allura gare ta, mai tsinin da ya ƙare da ƙwaya ɗaya tak, tana bin saman ƙarfe kamar makaho da sandarsa, sai dai ita ba ta taɓawa. Wata 'yar wuta ce ke tsallakawa tsakanin tsinin da ƙarfen. In allurar ta matso da tazarar da ba ta kai kaurin ƙwaya ɗaya ba, wutar sai ta ninka kusan sau 10. Da haka kwamfuta ke zana tudu da kwari, ƙwaya bayan ƙwaya. A 1989 kuma, a ɗakin binciken IBM na Almaden a jihar Kalifoniya, Don Eigler da Erhard Schweizer suka nuna allurar na iya jan ƙwaya ta kai ta inda ake so. Suka jera ƙwayoyi 35 na iskar zenon suka rubuta sunan kamfaninsu. Gani ya kori ji.

Aikin da ya fi shafar zancenmu an bayyana shi a 2006, a can Almaden ɗin. Cyrus Hirjibehedin da Christopher Lutz da Andreas Heinrich suka samu jan ƙarfe mai wata siririyar shimfiɗa ta naitirojin a kansa, kaurinta ƙwaya ɗaya. Amfanin shimfiɗar kamar na tabarma ne, ta raba baƙi da ƙasa, kada ilektiron ɗin jan ƙarfen su dame su. A kanta suka jera ƙwayoyin wani ƙarfe, manganis, ɗaya bayan ɗaya: biyu, uku, huɗu, har goma. Duk wannan a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, a sanyin da ya haura digiri 272 ƙasa da sifiri. Ku tuna ƙarshen sanyi kansa, wanda ba a wuce shi, 273 ne da 'yan kai.

Yaya suka tambayi jerin halin da yake ciki? Da ciniki, wallahi kamar a kara. Allura ta tsaya a kan jeri, ana ƙara mata ƙarfin wuta kaɗan-kaɗan, kamar mai saye na ƙara tayi. Muddin tayin bai kai ba, jeri na cewa albarka, ba abin da ke sauyawa. Da ƙarfin ya kai daidai abin da ake bukata don a birkita tsarin juyinsa, sai ya sallama, sai a ga wutar da ke wucewa ta yi tsalle. Wannan wurin tsallen shi ne farashi. Na jeri mai ƙwaya biyu ya kama wajen kashi 6 cikin 1,000 na bolt ɗaya. Batirin tocilanka kuwa bolt ɗaya da rabi ne.

Ga abin da suka gani. Jerin da adadinsa ke rabuwa biyu daidai, kamar 2 da 4 da 6, ƙarfin maganaɗisunsa gaba ɗaya ya tashi sifiri, kamar mangalar da aka daidaita a bayan jaki, ba ɓangaren da ya rinjayi wani. Jerin da ke barin ɗaya, kamar 3 da 5 da 7, ya rage da ƙarfin ƙwaya guda. Kuma a jerin da ke rabuwa daidai, iya tsawonsa, iya sauƙin farashin birkita shi. Duk ya zo daidai da lissafin takarda. Sikeli ya nuna gaskiya.

Sai dai a nan misalin saniya ya gaza, kuma gara mu faɗa muku. Saniya ko dai gabas take kallo ko yamma, ko ka duba ko ba ka duba ba. Ƙwayoyi biyu da suka haɗu haka kuwa, ba za ka ce wannan ce ta sama waccan ce ta ƙasa ba. Tsarin biyu a gauraye suke, abin da kawai ya tabbata shi ne sun saɓa wa juna. Wannan shi ake kira halin kwantam, kuma shi ne ya sa lissafin ke ninkuwa yadda muka ƙirga ɗazu.

A 2012 Sebastian Loth da abokan aikinsa a Almaden suka maimaita da ƙwayoyin baƙin ƙarfe. Suka ga gajeren jeri ba ya zama a hali ɗaya, amma da ya yi tsawo sai ya natsu: ko dai sama, ƙasa, sama, ƙasa, ko kuwa ƙasa, sama, ƙasa, sama. In aka ɗan zungure shi da wuta ta allura sai ya koma ɗaya tsarin ya zauna. Abu mai hali biyu da ke zama inda aka ajiye shi, ai ma'ajiya ke nan, i ko a'a, ɗaya ko sifiri. Da ƙwaya 12, layi biyu na shida-shida, suka ajiye irin wannan amsa ɗaya, alhali faifan ajiyar kwamfuta na lokacin yana cin wajen ƙwaya miliyan ɗaya don aiki iri ɗaya. Ƙwaya 96 sun isa harafi guda. Kuma da yake kwanciyar kai da ƙafa ce, ƙarfin kowane jeri ya kashe kansa, ba ya damun na kusa da shi, sai a iya matsa su dab da juna. A 2016, a jami'ar Delft ta Holan, ƙungiyar Sander Otte ta jera ƙwayoyin kobalt har 9, tana ƙara musu ƙarfin maganaɗisu daga waje, tana kallon yadda jerin ke sauya hali mataki-mataki.

Akwai wani labarin da ya fi ba ni sha'awa. A 1983 Duncan Haldane, haifaffen Ingila, ya yi lissafi ya ce jerin da kowane ɗansa ke da cikakken juyi ɗaya, halinsa daban yake da jerin masu rabin juyi. Da farko masana da yawa ba su yarda ba. Daga baya gwaji ya gaskata shi, har ya shiga cikin waɗanda suka samu Nobel a 2016. Wani abin da ke biyo bayan lissafin nasa shi ne, a irin wannan jeri rabin juyi zai ɓullo a kowane baki, alhali ba a sa mai rabi ko ɗaya a ciki ba. Ku dubi yara in sun yi layi sun riƙe hannun juna. Kowa hannu biyu gare shi, na tsakiya duk hannayensu a riƙe, amma na farko da na ƙarshe kowanne da hannu ɗaya a sake. In suka yi da'ira fa? Ba sauran hannu a sake. A 2021 masana a cibiyar Empa ta Suwizalan, tare da abokan aikinsu, suka gina irin wannan jeri a kan zinariya, da wasu 'yan gutsattsarin kabon masu kusurwa uku, kabon ɗin nan da ke cikin gawayi. Suka bi da allura gida-gida. A miƙaƙƙen jeri suka tarar da alamar hannun da ke sake a baki biyu. A wanda aka haɗa bakinsa ya zama zobe, ba su tarar da ita ba.

To jama'a, kada mu yi muku daɗin baki. Duk waɗannan ayyuka a cikin tsananin sanyi ake yinsu, da na'urorin da ko takun mutum a kusa na iya ɓata musu aiki. Katin ajiyar da ke cikin salularka wata fasaha ce daban, ba jerin ƙwaya 12 ba ne. Kuma dangwali ba garke ba ne. A cikin tangaran ɗin da muka fara da shi, ilektiron a shimfiɗe suke kamar gona, kowace da maƙwabta huɗu. Jeri mai ƙwaya 10 kwamfuta na iya lissafa shi, amfaninsa shi ne a tabbatar da sikeli. Burin shi ne a yi ta ƙara layi a kan layi har a kai girman da kwamfuta za ta ce ta gaji, sannan a karanta amsar daga ƙwayoyin kansu. Ko hakan zai kai mu ga wayar da ba ta asara a zafin Agadas, ba wanda zai yi muku alkawari. Amma sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka a riƙa tauna labari kafin a haɗiye. A watan Yuli na 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce sun samo wani haɗi, LK-99, mai wuce da wuta ba asara a zafin ɗaki. Duniya ta ɗauka, intanet ta cika. Cikin 'yan makonni masana a Jamus da Sin da wasu ƙasashe suka haɗa shi suka auna, ba su ga haka ba. Ku kuma 'yan kasuwa, in aka kawo muku sarƙa ko awarwaro an rubuta kwantam a kwalinsa, wai yana magani ko yana kariya, ku yi hattara. A watan Disamba na 2021 hukumar tsaron nukiliya ta Holan ta gargaɗi jama'a game da wasu irin waɗannan kaya da ake tallarsu da sunan kariya daga 5G, don ta auna ta tarar suna fitar da haskoki masu cutarwa. Wanda ya san irin sanyi da wahalar da ake sha kafin a jera ƙwaya goma, ba za a sayar masa da kwantam a leda ba.

Gobe da asuba in ka je kwance maruƙa, malam makiyayi, ka ɗan tsaya ka dubi dangwalin. Ka lura da na bakin igiya da na tsakiya, wa ya fi walwala, wa ke jan wa. Tambayar da manyan masana ke yi wa ƙwayoyin ƙarfe ke nan a Kalifoniya da Delft, sai dai kai ba ka bukatar ruwan hiliyam.

Nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana ta hanyar da aka saba, za mu karanta a fili na gaba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Masu tafiya Allah ya sauke ku lafiya, masu kiwo Allah ya ƙara albarka.